A Tankaɗe Ƙasar Kafin Katafila Ta Kwashe Ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin hukuma da jama'ar Sakkwato kan wata asara da muke tafkawa ba tare da an lura ba. Kwanakin baya na tsaya a wani fili a tsohon gari inda ake haƙa harsashin gini, sai na ga tsingaro da kuɗin wuri da gutsuren lofe a cikin ƙasar da ake loda wa tifa, aka tafi da ita aka cike wani kududdufi. Wannan fa a birnin da Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kafa a 1809 ne, balle kufan Alkalawa, wadda ta faɗi a 1808, ko Surame ta Kanta, da take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007 don a sa su cikin wuraren tarihi na duniya.

Aikin ceton kayan tarihi ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin kafin ruwa ya cika madatsar Kainji a 1968, masana sun riga sun haƙa wasu tsofaffin matsugunan da tafkin zai shanye. Yanzu da ake gina babbar hanyar da ta tashi daga Illela zuwa Badagry, ƙasa mai yawa za ta motsa a jiharmu.

Mafi yawan wannan aiki tankaɗe ne, kuma ba ya buƙatar digiri. Ana ɗebo ƙasa bokiti-bokiti daga rami guda, a zuba a rariyar waya mai ido kamar milimita 6, a girgiza, sannan a tsince duwatsun ado da ƙashi da gawayi da ragowar tamar maƙera. Abin da ya raba shi da tonon ɓarayi shi ne rubutu, wato kowace jaka a rubuta ramin da ta fito da zurfinsa, saboda gawayin da aka san shimfiɗar da ya kwanta a cikinta shi ne ake aunawa a gano shekarun wurin. Gumakan yumɓun da ake sayarwa a Turai da sunan Sakkwato an tono su ne babu wannan rubutu, shi ya sa har yau ake ta hasashe a kan waɗanda suka gina su.

Shawarata ita ce Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta haɗa kai da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su horar da ɗalibai da matasan unguwa masu aikin sa-kai (na rariya nake nufi, ba na bindiga ba), a kuma sa wa 'yan kwangila sharaɗin ba su ko da mako biyu kafin katafila ta shiga duk wani kufai. Ni da kaina zan zo da bokitina ranar da aka kira.

Wassalam,
Wani tsohon malamin makaranta, Sakkwato.