Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan tasirin addu'a

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da karatu. Mu ma nan sai godiya. Saƙonka ya iso, kuma tambayar da ke cikinsa ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Ka ce abokin karatunku ya rasu bayan doguwar jinya, alhali babu irin roƙon da ba a yi masa ba, kuma tun daga nan kake tambayar kanka ko addu'a tana canja wani abu, ko kuwa lallashin zuciya ne kawai. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyayensa haƙuri. Ka ce kana tsoron kada raina ya ɓaci. Bai ɓaci ba. Annabi Ibrahim (AS) da kansa ya roƙi Allah Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu, da aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, yana dai son zuciyarsa ta natsu. Yana nan a Baƙara, aya ta 260.

Zan fara da maganar masu shakka, don gara ka ji ta daga bakina da cikakken ƙarfinta, da ka tsince ta a wani wuri ka zaci na ɓoye maka.

A 1872 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya lura cewa babu wanda ake roƙa wa tsawon rai a majami'un ƙasarsu kamar 'yan gidan sarauta. Ya ce in addu'a tana aiki, ya kamata su fi kowa daɗewa a duniya. Da ya duba shekarun mazan da suka haura 30 kafin su mutu, sai ya ga na gidan sarauta suna tsayawa wajen shekara 64, masu hali da ba su da sarauta kuwa suna kaiwa wajen 70. Lissafin yana da ramuka, don rayuwar fada tana da nata cututtukan, amma shi ya buɗe ƙofar gwada addu'a da ƙididdiga.

Wani babban gwaji an fitar da sakamakonsa a 2006, ƙarƙashin wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard, Herbert Benson. Mutum 1,802 ne da aka yi wa tiyatar hanyoyin jini na zuciya a asibitoci shida na Amurka, aka raba su kashi uku. Kashi biyu an ce musu wataƙila a yi musu addu'a wataƙila kada a yi, sai aka yi wa ɗaya, ba a yi wa ɗayan ba. Kashi na uku an tabbatar musu ana yi. Waɗanda suka samu matsala bayan tiyata a kashi biyun farko kusan kunnen doki ne, 52 cikin 100 da 51 cikin 100. Waɗanda aka tabbatar wa kuwa 59 cikin 100. Wasu cikin masu binciken sun yi hasashen fargaba ce, mutum ya ce a ransa, "Ashe ciwon nawa ya kai har a tara mini masu addu'a?" Ka sani Benson ba maƙiyin addini ba ne, kuma gidauniyar Templeton da ta ba da kuɗin aikin tana girmama addini. Za ka ji masu wa'azi suna ɗauko wani ƙaramin gwaji na 1988 da Randolph Byrd ya yi a San Francisco kan mutum 393, wanda ya nuna ɗan amfani. Kada ka jingina da shi. Wanda ya yarda ƙididdiga ta yi masa shari'a ranar da ta ba shi gaskiya, dole ya yarda da ita ranar da ta kayar da shi.

Hujjar da ta fi duk waɗannan kaifi tsohuwa ce. An ce an nuna wa wani Bagirike, Diagoras, zane-zanen mutanen da suka roƙi allolinsu cikin guguwa a teku suka tsira, sai ya ce ai waɗanda suka nutse ba a zana su ba. Gaskiya ya faɗa game da halin ɗan Adam. Wanda ya fito da rai daga hatsarin mota shi ke ba da labarin addu'ar da ya yi, waɗanda suka rasu a gefensa su ma sun kira Allah, sai dai babu bakin faɗa.

To duk da haka me ya sa nake ɗaga hannu?

Abin da gwaje-gwajen nan suka auna, addini bai taɓa yin alkawarinsa ba. Sun ɗauki addu'a a matsayin ƙwayar magani, a ba wannan a hana wancan, a ƙirga. Roƙo kuwa ana yin sa ne ga Mai nufi, wanda Yake bayarwa Yake hanawa, babu mai tilasta Shi. Ga kuma wani abu da ya ba ni dariya: waɗancan da aka rubuta "ba a yi musu addu'a ba", ba su da uwaye ne? Wa ya isa ya hana uwa roƙa wa ɗanta lafiya daren da za a tsaga masa ƙirji?

Littattafan addini ma ba su ɓoye cewa ana roƙo a hana ba. Annabi Nuhu (AS) ya yi magana a kan ɗansa da ruwa ya ci, aka ce masa ba ya cikin iyalinka, yana cikin Suratu Hud. A Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce ya roƙi Ubangijinsa abu uku, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya, wanda aka hana shi ne kada al'ummarsa su yaƙi juna. Ɗansa Ibrahim ya rasu yana ƙarami, ya zubar da hawaye. Kiristoci ma suna karanta cewa Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa wata wahala, ba a ɗauke ba. Idan waɗannan an hana su, rashin warkewar abokinka ba shaida ce ta raunin imanin iyayensa ba. Duk wanda ya faɗa musu haka ya zalunce su, ko da rawani ya faɗa.

Hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Imam Ahmad ya ruwaito ya ce Musulmin da ya yi roƙon da babu zunubi ko yanke zumunta a ciki, Allah zai ba shi ɗayan uku: a gaggauta masa, ko a ajiye masa sai lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri kwatankwacinsa. Na san abin da mai shakka zai ce: wannan amsa ce da babu yadda za a ƙaryata ta, in an samu an amsa, in ba a samu ba an ajiye. Haka ne, ba zan yi musu ba. Shi ya sa sunanta imani, kuma ba na son in ji kana gaya wa kowa cewa kimiyya ta tabbatar da addu'a. Ba ta tabbatar ba, ba kuma ta da ma'aunin da za ta rushe ta. Inda kai da mai shakka kuka rabu ya riga asibiti: akwai Mai ji ko babu? A nan ya kamata ka kashe tunaninka, ƙirgar majinyata ba za ta warware maka shi ba.

Imam Gazali ya ce addu'a sababi ce ta tunkuɗe bala'i kamar yadda garkuwa take sababin tare kibiya, kuma yarda da ƙaddara bai hana mayaƙi ɗaukar garkuwa ba. Ka lura, sababi ce cikin sabubba, ba ta kori sauran ba. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce i, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Mai raƙuma ma an ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Nan ne nake ganin masu shakka sun fi wasunmu gaskiya, kuma abin yana ci mini rai. Ana hana mai ciwon suga ko hawan jini shan magani da sunan an yi masa addu'a, ana karɓar kuɗin mai neman haihuwa da alkawarin wata kaza za ta samu ciki. Wanda ya yanka maka rana a madadin Allah, ka riƙe aljihunka ka tashi.

Za su ce maka natsuwar da mai addu'a ke ji aikin ƙwaƙwalwa ne. Ban ƙi ba, Wanda nake roƙo ai Shi Ya halicci ƙwaƙwalwar. Abin da na gani a kaina shi ne, da wuya in yi wa mutum addu'a da gaske in kwana da ƙiyayyarsa, kuma in na ambaci mara lafiya a sujada, kunya ke hana ni ƙin zuwa duba shi.

Don haka kada ka jira shakkar ta gushe kafin ka roƙa. Ka kai ta gabanSa yadda take, ka ce ya Allah ban gane ba, Ka fahimtar da ni. Abokanka da ba su yarda ba, kada ka zage su, ka saurare su ka faɗi naka. Ka kira iyayen marigayin ka yi musu gaisuwa in ba ka riga ka yi ba, kuma kada ka tsaya yi musu bayanin hikimar abin da ya same su, ba yanzu suke buƙatarsa ba.

Mamanku da ƙannenka suna gaishe ka. In ka zo hutu sai mu ƙarasa, don na san akwai abin da za ka mayar mini. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.