Zuwa ga ɗan aminina: amsa kan inda ake zaman gaisuwa

Assalamu alaikum, ɗana. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam mahaifinka, ya kyautata namu zuwan.

Ranar Juma'a a ƙofar masallaci, jama'a ba su gama watsewa ba ka tare ni da tambaya. Malam ya rasu a asibiti nan Gusau, aka yi masa sutura a nan, kuka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa na Tudun Wada har kwana uku. Yanzu baffanninka na wajen Ɗansadau sun yi fushi, wai an raba ɗan'uwansu da gidan gado, gaisuwar ɗan gida a zauren kakanni ake amsarta. Yayanka na Abuja kuma ya ce da an bi ta tasa, da an kama ɗakin taro na haya mai kujeru da sanyi. Ka ce mini, "Baba, mun yi kuskure ne?" Na yi shiru a lokacin don maganar ba ta tsaye ba ce. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ga amsar a bainar jama'a.

Ba ku yi kuskure ba. Kuma ba matsalar hanya na fara dubawa ba, mahaifiyarka na duba. Duk masu wannan gardama maza ne, sun manta da wadda mutuwar ta fi duka. Allah ya ɗora mata takaba wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a aya ta 234 ta Suratul Baƙara, kuma a ɗakin mijinta za ta yi. Malam da bakinsa ya biya mana wannan a Muwaɗɗa, littafin hadisi na Imamu Malik: Furai'a 'yar Malik, 'yar'uwar Abu Sa'idul Khudri, an kashe mijinta, ta nemi izinin komawa cikin danginta, Annabi (SAW) ya ce ta zauna a gidanta har idda ta cika. To a ce kun kwashi maza kun tafi ƙauye. Mace ta taso daga Kaura Namoda ko Talata Mafara, mijinta ya rako ta, sai a ce ita ta shiga wurin Hajiya, shi ya nemi motar Ɗansadau? Wa zai yi sallama da baƙi, wa za a aika sayen ruwa?

Hanyar kuwa ba sai na faɗa maka ba. Motoci kan taru su jira rakiyar jami'an tsaro kafin su tashi. Mai zuwa gaisuwa lada ya fito nema, bai kamata a sa shi zaɓe tsakanin zumunci da ransa ba.

Maganar yayanka ce ta fi tsaya mini a rai. Ranar farko bayan La'asar ina zaune gindin dogon yaron ƙofar gidanku, ɗan garuwan layinku ya jingine kurarsa, ya cire silifas, ya durƙusa gefen tabarma, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ce "Ya haƙuri?", aka shafa Fatiha. Sai ya matso kusa da kai, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ya ji sanarwar da aka yi wurin jana'iza, Malam na binsa naira 3,000 tun da azumi. Ya zaro su a dunƙule daga aljihu, su ma a jiƙe. Kai kanka ba ka san da bashin ba. Wannan bawan Allah ba zai taɓa doshin ƙofar da ke da maigadi ba, haka mai kayan miya, haka almajiran Malam na dā. A ɗakin haya masu mota ne za su zo, su yi hoto, su tafi. Ni ko kujerun robar nan da ake jerawa manya a gaba, talakawa a ƙasa, ba sa burge ni, amma wannan zancen wata rana ne.

Akwai kuma tukunya. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci, don abin da ya same su ya shagaltar da su. Malamanmu sun saɓa a kan zaman kansa, wasu ma ba sa sonsa ko kaɗan, amma ban ji wanda ya yarda a ciyar da baƙi da dukiyar marayu ba. A unguwa kwanonin tuwo daga maƙwabta suke fitowa. A ɗakin haya wa zai aiko da kwano? Sai dai a saya, kuma ka san aljihun da za a taɓa.

Laifi ɗaya na gani, ba zan ɓoye maka ba. Rumfar da kuka kafa ta toshe layin gaba ɗaya, har na ga mai Keke Napep ɗauke da tsohuwa yana ja da baya. Maƙwabcinku ya buɗe muku zaurensa, da kun raba jama'a biyu kun bar wa hanya haƙƙinta.

Su kuma baffanninka, kada ka ɗauki fushinsu wasa. Tare suka yi kiwo da Malam, ciki ɗaya suka fito, ga shi ko makararsa ba su taɓa ba. Abin da ke cin su ke nan, batun zaure fakewa ce. Su ma masu amsar gaisuwa ne, mutanen ƙauye ai wurinsu suka je, ba wurinka ba. Ka kira babbansu bayan Isha'i, kai ka fara yi masa ta'aziyyar ƙaninsa, kada ka kawo masa aya ko hadisi. In ya yi faɗa ka ce "Allah ya huci zuciyarka, Baffa." Sannan ka nemi Hajiya ta fitar da rawanin Malam da sandarsa, ka ba direban da ka yarda da shi ya kai masa ranar da ayari zai tashi.

Ka gaishe mini da Hajiya.

Babanka, aminin mahaifinka,
Gusau