Zanen aro ba ya rufe katara: kan takardar tsarin kasuwanci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'ya'yanmu na zango masu neman jari. Ni mai sayar da burkina ce a Aboabo, nan Kumasi. Shekara goma sha huɗu ke nan ina dama gero da nono ina ɗurawa a roba. Bokona bai yi nisa ba, amma ajamin makarantar allo yana nan daram, da shi nake rubuta lissafina. Wannan wasiƙar ma autana ne ya juya mini ita.

'Yar farina, ku yi haƙuri ba na kama sunanta, ta gama jami'ar fasaha ta Kumasi, ta ce za ta kama shago ta riƙa yin burkina da sobolo, wato zoɓo, tana kai wa masu kanti a Adum. Ta ji cewa duk inda mutum ya je neman rance ko tallafi, banki ne ko hukumar GEA mai kula da ƙananan sana'o'i, sai an tambaye shi tsarin kasuwancinsa a rubuce. Sai ta tafi wani shagon buga takardu ta biya sidi 300, aka miƙo mata shafi 28 da Turanci, bango sai sheƙi yake. Ta shigo da shi tana rawar jiki. Na ce zauna ki fassara mini. Muna kaiwa shafi na 19 sai ga maganar abincin kaji da allurar rigakafi. Ashe tsarin wani mai kiwon kaji ne aka canza wa suna, mai gogewar ya gaji a hanya.

Ban yi mata dariya ba, ko da yake ta zo mini har wuya. Tambaya na yi: olonka ɗaya na gero, wato gwangwanin awon da muke amfani da shi, roba nawa yake cikawa? Shiru. Nawa ne buhun roba da murfi a kasuwar Kejetia yau? Ta ce, "Mma, ai an sa ƙiyasi." Wa ya ƙiyasta? Yaron da bai taɓa surfa gero ba?

Washegari muka sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na tura ta kasuwa kwana uku tana tambayar farashi da bakinta. Da muka zauna, kowace roba ta tashi a kan sidi 8, har da sukari da iskar gas da takardar da ake mannawa, a sayar 10. Ribar sidi 2 ke nan. Haya 400 a wata, wuta 350, kuɗin pragya (keke mai ƙafa uku) na kai kaya 450. Na ce rubuta albashinki 600. Ta ce ai shagon nata ne, wane albashi kuma? A nan yawancinmu muke faɗuwa. Wadda ba ta yanka wa kanta albashi ba, hannunta kullum yana cikin uwar kuɗi: yau cefane, gobe suna, jibi yayi, wato ankon bikin 'yar maƙwabta, ga gudummawar da ba ta ƙin biyuwa, don kunya. Ba ta san ta cinye jarin ba sai ranar da za ta sari gero. Jimla dai sidi 1,800. Wato sai ta sayar da roba 900 a wata, talatin kullum, kafin kwabo ɗaya ya zama riba. Takarda mai sheƙi kuwa cewa ta yi roba 500 a rana tun watan farko.

Sannan ga abubuwan da Turancin bai ko ambata ba. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma je ki faɗa wa mai gida a Kumasi haka ki ji. Shekara biyu zai ce, sidi 9,600 tashi ɗaya, tun ba a kunna firji ba. Ga ɗaukewar wuta: a zamanin dumsor na 2015 na zubar da nonon da ya lalace har na daina ƙirga. Ga lokaci: da azumi kaya ba ya kwana, amma da sanyin damina, Yuni da Yuli, sai ki yini kina gyangyaɗi. Gero yana sauƙi da kaka idan ya sauko daga arewa, mai wayo a nan take saye ta ajiye. Ga bashi, don mai kanti sai ya sayar yake biya, wani ma sai an yi masa sintiri. Ga hauhawar farashi, wadda a Disambar 2022 ta haura kashi 54 cikin ɗari. Duk wadda ta rubuta farashi a Janairun shekarar ta rufe littafi, kafin babbar Sallah lissafinta ya zama tatsuniya. Shi ya sa nake rubuta nawa da fensir.

Takardun hukuma ma kuɗi ne. Rajistar sunan sana'a ana sabunta ta duk shekara, katin ɗan ƙasa shi ne lambar haraji tun 2021, akwai lasisin ƙaramar hukumar Asokore Mampong, kuma abin sha na roba mai ɗauke da suna sai hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta duba.

Kada a ce na raina boko. In za a kai banki, dole a juya shi da Turanci a tsara shi yadda suke so. Amma a fara rubuta shi da harshen da ake ciniki da shi, kuma mai sana'ar ce za ta rubuta, domin ita ma'aikacin banki zai titsiye da tambaya. Kakanninmu fataken goro, madugu ba ya ɗaga ayari zuwa Gwanja sai ya san zango nawa ne a gaba, da inda ake biyan fito. Ina roƙon masu shirya wa matasan zango bita su riƙa yin ta da Hausa, a islamiyyu, su kira mata masu waake da koko su koyar tare da su.

Ita dai yarinyar ta fasa kama shago a bana, ta fasa rancen ma, wanda dama kuɗin ruwansa bai kwanta mini ba. Ta kwashi adashinta ta sayi firji na hannu, yana nan a barandata, tana biyana kuɗin wuta ƙarshen wata. Roba arba'in take yi a rana, masu kanti uku ke karɓa, ɗaya har yanzu tana bin sa na makon jiya.

Taku,
Mai burkina, Aboabo, Kumasi