Godiya ga mai gyaran kyamara na bayan babbar kasuwar Garwa

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in gode wa dattijon nan mai gyaran kyamara da agogo a bayan babbar kasuwar Garwa, a gaban jama'a. Da ya san zan rubuta, da ya hana ni.

Ɗaukar hoton biki da suna ita ce sana'ata, kuma gadonta na yi. Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, rabona ya faɗo kan wani akwatin ƙarfe mai idon kyamara uku, abin da muke ce wa objektif a nan, duk na zamanin fim da ake murɗa su da hannu. Ajiyar tunawa kawai na yi musu. Sai ana saura kwana tara Babbar Sallah idon 18-55 da ya zo da Canon 600D ɗina ya daina kama saiti, ga shi na riga na karɓi kafin alƙalami na biki biyu.

Sai na ɗauko idanun gadon nan, ko ɗaya zai hau kyamarar. Ban bar shagon da ban leƙa ba, a zafin Garwa kuwa. Wani ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba, ya ce in kai wa 'yan gwangwan. Wani ya sayar mini da zoben haɗi mai gilashi a ciki, ya rantse shi ne daidai. Hotuna suka fito kamar an ɗauke su cikin hazon hunturu. Da na mayar, sai ya nuna mini takardar bango, wai kayan da ya fita ba ya dawowa.

Baba mai gyaran kuwa farin ƙyalle ya fara shimfiɗawa a kan tebur. Ya ɗaga kowane ido ya haska shi da hasken ƙofa, yana murɗawa a hankali yana sauraro, kamar mai duba mara lafiya. Can ya ce, "Ɗana, zauna, ba a wannan magana a tsaye." Ya zana mini a bayan rasit cewa kowace kyamara tana da tazararta daga bakin da ake ɗaura ido zuwa inda hoto ke sauka. Ta Canon irin 600D ɗina milimita 44 ce. Helios 44-2 na Tarayyar Sobiyet da ke akwatin, mai zaren M42, an ƙera shi a kan milimita 45.46, don haka siririn zoben ƙarfe mara gilashi ya isa ya cike gurbin. Shi kuwa tsohon Canon FD tazararsa 42 ce, ba inda zobe zai zauna, tun da kamfanin ya sauya baki a 1987. Shi ne na sha wahala a kansa. Baba ya yi dariya ya ce baƙo daga Rasha ya samu masauki, ɗan gida yana ƙofa.

Na ukun, Takumar 50 na Pentax, gilashinsa ya yi ruwan ɗorawa, har na ɗauka ya mutu. Ashe wani sinadari ne da aka haɗa a gilashin ke rina shi in ya tsufa, hasken rana kuma na wanke shi. Ya ce in riƙa ajiye shi a taga da hantsi kaɗai, kada ranar azahar ta narkar da man ciki.

Goge-goge da sa mai bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya fito da ni bakin titi, ya sa yaron shagonsa ya tsaya mana. Ya ɗaura Helios ya ce in sa kyamara a Av, wato ni in zaɓi buɗin ido ita ta daidaita haske, in buɗe ido gaba ɗaya in kama saiti, in ƙara girman hoton a allo in tabbatar, sannan in tsuke. Ya kuma ce in ja da baya, don Helios milimita 58 ne, a kan 600D kuwa kamar 93 yake jawo abu kusa, na fuska ne, ba na taron dangi ba. Kuɗin zobe da na mai kawai ya karɓa. Na ƙara masa, ya tura mini abina.

Ba zan ɓoye ba, hotunan rawa rabinsu sun tafi, hannuna bai saba ba. Amma na amarya a ƙarƙashin dalbejiya, ganye ya murɗe a bayanta kamar guguwa, har uwarta ta sa a wanke mata babba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shagunan da suka fi kowa fitila da gilashi su ne ba su san abin da ke cikin kwalinsu ba. A kawo daga Duwala, a liƙa farashi, shi ke nan. Ka yi tambaya a ɗauke ka mai ɓata lokaci. Haka masu gyaran waya, haka masu kayan babur, kowa canji ya iya, ba wanda zai buɗe ya duba.

Baba, Takumar na nan a taga, ya fara washewa. In sha Allahu bayan Juma'a zan kawo ka gani. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa zuri'a albarka.

Ɗanka mai hoto, daga unguwar Yelwa, Garwa.