Reshen itace ba ya haske cikin dare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ke cin rayukan matafiya a hanyoyinmu, wato motar da ta lalace ta tsaya bisa kwalta ba tare da alamar da mai zuwa zai iya hangowa ba.

Duk mai bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Ƙwanni da Gidan Rumji, ta wuce Cadawa da Tasawa zuwa Damagaram, ko hanyar Ɗan Isa mai kaiwa Jibiya da Katsina, ya san abin da nake nufi. Babbar mota da aka yi wa lodi fiye da ƙima ta yi fanne, rabinta a gefe rabinta a kan hanya, an tokare tayoyinta da duwatsu, fitilun bayanta ƙura ta rufe su ko ma sun fashe tuntuni, sannan yaron mota ya karyo rassan dogon yaro biyu ko uku ya jera su ƴan taku kaɗan a bayanta. Da rana wannan dabara tana ɗan amfani, kuma ban raina niyyar wanda ya yi ta ba. Amma ganye ba ya mayar da hasken fitila, saboda haka da zarar duhu ya shiga, ko hazon hunturu ya sauko, ko ruwan damina ya tsuge, reshen da motar duk sun zama duhu ɗaya.

Ina so direbobi su yi wannan lissafin da kansu. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ya kai ƙafa bisa birki, daƙiƙa guda ta wuce ko fiye da haka idan ya gaji, kuma kafin motar ta tsaya cak tana bukatar abin da ya kai mita 70 zuwa 80 a busasshiyar hanya. Wannan ga ƙaramar mota ke nan mai tayoyi na ƙwarai. Bas cike da mutane ko tirela mai nauyi sai sun fi haka nisa. To, direban da ya rage fitilarsa saboda wata mota na tahowa daga gaba, ƴan mitoci goma-goma kawai yake gani sosai. Ke nan a lokacin da idonsa ya faɗa kan motar da ta tsaya, hanyar tsira ta riga ta ƙare masa: ko ya afka mata, ko ya kauce hagu ya yi taho-mu-gama da mai zuwa. Sai ka ji ana cewa ƙarar kwana ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu ya umurce mu da riƙon sababi, kuma sababin a nan ba shi da tsada.

Alamar nan mai kusurwa uku, ja, wadda ke walƙiya idan haske ya dake ta, ita ce maganin farko. A makarantun koyon tuƙi ana koyar da ajiye ta aƙalla mita 30 daga motar, amma a ganina wannan na cikin gari ne; a daji cikin dare ya kamata a kai ta mita 100 ko fiye, kuma idan motar ta tsaya bayan kwana ko bayan tudu, a sa ta kafin kwanar, inda mai zuwa zai gan ta tun bai shiga ba. Da yake hanyoyinmu ba su rabu biyu ba, babbar mota tana bukatar guda biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Wanda zai je ajiye ta kuwa ya sa rigar nan mai ɗaukar ido, ya bi gefen hanya, domin mutum mai baƙaƙen tufafi ba a ganin shi sai an zo dab da shi. Kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa wajibi ne tun motar ba ta gama tsayawa ba, sai dai su da batir suke aiki, kuma motar da za ta kwana biyu tana jiran kayan gyara daga Maraɗi ko Kano batirinta ba zai kai ba. Shi ya sa nake ganin lallai a manna wa bayan kowace babbar mota da gefunanta ƙyallen nan mai mayar da haske, wanda ba ya cin wuta, a kuma riƙa goge masa ƙura.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne halin mutanen da ke cikin motar. Fasinjoji su sauka su zazzauna a bakin kwalta, wasu ma su shimfiɗa darduma a bayan motar su ta da salla, alhali nan ne wurin da ya fi ko'ina haɗari. Su fita ta ƙofar dama, su yi nisa da hanya, a riƙe hannun yara. Haka kuma yaran mota, waɗanda yawancinsu samari ne ƙanana, ake barinsu gadi su kwana ƙarƙashin mota saboda sanyi ko raɓa. Idan aka bugi motar daga baya, su ne na farko. Mai mota da ya iya sayen tirela ba zai rasa kuɗin riga mai ɗaukar ido da cocila ga yaronsa ba, kuma haƙƙin yaron yana wuyansa.

Akwai kuma abin da ake bari bayan an gama gyara. Mota ta tashi ta tafi, duwatsun da aka tokare ta da su da rassan suna nan a tsakiyar hanya, wani lokaci har da baƙin mai da ya malale. Mai babur da ya taso daga kasuwar ƙauye bayan magariba, da goyo a bayansa, shi ne zai ci karo da su. Kwashe su aikin minti biyar ne.

Don haka ina kira ga hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER, da jandarmomi da ƴan sanda da ke shingayen bincike, su riƙa neman ganin alamar da rigar kamar yadda suke neman takardu, kuma su fara da wayar da kai kafin tara. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Maraɗi sun fi kowa ikon wannan aiki, domin za su iya hana lodi ga motar da ba ta da su. Ku ma ina roƙon ku riƙa maimaita wannan bayani da Hausa, musamman kafin hunturu da lokacin tafiye-tafiyen salla, tare da tunatar da jama'a cewa idan haɗari ya auku lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18, ta ƴan sanda kuma 17.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya kiyaye hanya.

Wassalam,
Mai bibiyarku daga unguwar Zariya, Maraɗi