Ga masu tambaya kan Famagusta

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambayoyi sun yi yawa a rukuni kan karatu a Famagusta, Arewacin Saifurus, shi ya sa na haɗa amsar wuri guda.

Garin akwai daɗin zama, ba na musu. Jami'ar Eastern Mediterranean, wadda ta soma a 1979, ita ce ran garin, kuma yawancin kwasa-kwasanta da Turanci ake yi. Da magariba titin Salamis cika yake da ɗalibai ƴan Najeriya, Larabawa da Iraniyawa, ana shan shayi a ƴan ƙananan kofunan gilashi. Teku na kusa. Masallacin Lala Mustafa Pasha, wanda coci ne kafin Turkawan Daular Usmaniyya su ci garin a 1571, yana cikin tsohuwar ganuwa.

Sai dai iyaye a lura: Turkiyya kaɗai ta amince da ƙasar, don haka jirgi ta Turkiyya yake bi kafin ya sauka filin jirgin saman Ercan. Cefane da lira, kuɗin Turkiyya, ake yi, amma masu gidaje da yawa fam ɗin Ingila suke karɓa a haya.

Kafin a biya dillali ko sisi, a tura takardar shaidar samun gurbi ga jami'ar da kanta ta tabbatar.