Alewar wiwi da yaran Kanada

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan bunƙasar cinikin tabar wiwi a Kanada tun halatta ta a 2018, sai dai ba a taɓo batun yara ba.

A Toronto nake zaune. Bayan amincewa da wiwin ci a 2019, shaguna suka cika da alewa da cakulan masu ɗauke da ita. Da zarar ta fita daga leda, yaro ba ya bambance ta da alewar kanti, kuma asibitoci sun ga ƙaruwar yaran da suka ci bisa kuskure.

Lardin Kebek ya hana sayar da irin wannan alewa. Ina roƙon lardinmu na Ontario ya bi sahu, ku kuma ku riƙa kawo alƙaluman asibiti tare da na ciniki.

Taku,
Wata uwa daga Toronto